Ranar da Kwalbar Strawberry Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hanifa ba, ko da ma na so mantawa matan unguwarmu ta Barking ba za su bar ni ba. Har gobe idan muka haɗu a shagon nama ko a bakin tashar jirgi, sai wata ta kalle ni ta danne dariya ta ce, "Hajiya, yaya kamfani?" Ni kuma in ce kamfani ya rufe, mu kwashe da dariya kowa ta kama gabanta.

Kafin in shiga labarin ya kamata ku san wace ce ni a lokacin. Na daɗe a London, ina aikin jinya a wani asibiti, kuma a cikin matanmu an san ni da abu biyu. Na farko zobo. Idan na haɗa zobo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ba yabon kai ba, sai an nemi ƙari. Na biyu kuwa karanta kwali. Duk abin da aka kawo wurin taro, biskit ne ko cakulan ko cake, sai na ɗauko tabarau na juya bayan kwalin na bi rubutun layi-layi, ko an saka giya a ciki. Na taɓa hana a yanka cake a wani suna, mutane na tsaye da faranti a hannu (daga baya aka gano babu komai a cikinsa, ban kuma ba kowa haƙuri ba). To ku riƙe wannan a zuciya.

Hajiya Rabi aminiyata ce tun zuwana ƙasar nan, Hanifa kuma 'yarta ta fari. A nan aka haifi yarinyar, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar da amsa. Da aka fara shirin bikinta ta kafe cewa ita ba za a jera mata zobo cikin gorar roba ba, mocktail take so. Wato irin haɗin lemon nan na manyan otal da ake kira cocktail, sai dai shi babu giya a ciki, a zuba a dogon kofin gilashi, a kafa strawberry a bakin kofin don ado. Rabi ta ce min za ta yi booking ɗin wasu masu wannan sana'a.

Na ce, "Ina raye? Ƙawata, ki bar min wannan."

Ta ce, "Kin iya kuwa?"

Na ce, "Mene ne a ciki? Ba ruwa ba ne da 'ya'yan itace?"

Gaskiyar magana ko a hannu ban taɓa riƙe mocktail ba. Abin da na dogara da shi maƙwabciyata ce, Rifkatu. 'Yar Pankshin ce, bango ɗaya ya raba gidajenmu. Idan Kirsimeti ta zo ta miƙo mana shinkafa da kaza, idan Sallah ta zo mu miƙa mata nama. Aikinta haɗa abin sha a wani otal da ke Aldwych, kusa da gidajen wasan kwaikwayo. Da na gaya mata abin da na ɗauko wa kaina, sai da ta yi dariya har ta dafa ƙofa, sannan ta ce in jira ta ranar Lahadi idan ta dawo daga coci.

Ta zo kuwa, da 'yar wuƙarta mai kaifi da kwando biyu na strawberry. Na ɗauka abin minti goma ne. Ashe karatu ne. Ta ce a zaɓi masu tauri waɗanda suka yi ja har wuya, duk wanda ya yi laushi a gefe a cire shi, domin shi ke ɓata sauran. Ba a wanke su sai an tashi aiki da su, kuma da ganyen kansu ake wankewa, a ruwan sanyi, da sauri, don kada su sha ruwa. Sai a shimfiɗa su a kan tawul su bushe. Ta ɗauki guda ta tsattsaga shi daga ƙasa zuwa sama ba tare da ta raba shi da ganyen ba, ta danna da babban yatsa, sai ga shi ya buɗe kamar mafici. Na ce, "Ikon Allah!"

Ta ce, "Wannan na ranar biki ne, da safe za ki yi shi, ba ya kwana. Wanda za ki ajiye kuma hanya biyu ce."

Hanya ta farko busarwa. Ta yanka su sirara-sirara, ta jera a kan takardar gashi, ta saka a oven a wuta mafi ƙanƙanta, ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Awanni suka yi a ciki. Da suka fito duk sun yamutse sun yi duhu, na kalle su na taɓe baki.

Na ce, "Rifkatu, wannan ai kauɗar tumatir ce. Ita zan kai wa surukan mutane?"

Ta ce, "Ki zuba a kwalba ki rufe da kyau, sai ta yi makonni ba abin da ya same ta. Mu a wurin aiki rububinta ake yi."

Na zuba don kada ta ji haushi, na tura kwalbar can bayan kabad.

Hanya ta biyu ita ta burge ni. A tafasa ruwa da sukari daidai wa daida, a jefa strawberry a ciki ya ɗan tafasa, a matsa lemon tsami. A dafa kwalaben su ma a ruwan zafi kafin a zuba. Waɗanda aka raba biyu su zauna a kwalba mai faɗin baki suna sheƙi, jan ruwan kuma a tace shi a doguwar kwalba, shi ake fara zubawa a ƙasan kofi. Na tuna tana cewa, "Firij, maƙwabciya. Idan ya huce, firij. Kuma kada ya wuce 'yan kwanaki." Na tuna na ce to. Amma a daidai lokacin hankalina na kan waya, ina ɗaukar hoton maficin da ta yanka don in tura wa group ɗin matanmu. A ƙarƙashin hoton na rubuta, "Somin taɓi." Ban ce ni na yanka ba, ban kuma ce ba ni ba ce.

Makon bikin duk ina da aiki a asibiti, don haka na yanke shawarar in gama komai tun ranar Lahadin da ta gabace shi, kwana shida ke nan kafin ranar. Na je kasuwa na samu wani mai sayarwa da ya matsu ya rabu da kayansa, sun nuna lugub, ƙamshinsu har titi. Na kwaso akwati-akwati. Na dawo gida na ɗaura zani, daga nan na fara yi wa karatun Rifkatu gyara.

Da farko na rage sukarin zuwa ƙasa da rabi. Ni da nake wuni ina yi wa marasa lafiya wa'azi a kan ciwon sukari, ba zan shayar da dattawa zuma ba. Sannan na ƙi tafasa strawberry ɗin, domin na lura wuta tana rage masa ja, ni kuma ja nake so. Kwalaben ma ɗauraye su kawai na yi, ai sababbi ne. Da na gama na buɗe firij, sai na tarar babu wurin ko cokali. Rabi ta rarraba kajin biki da nama a gidajen ƙawaye, nawa kason ya cika ko'ina. Na tsaya ina tunani, can sai dabara ta zo min. Akwai ɗan kabad a ƙarƙashin matakalar benenmu, ga duhu, ga tsabta, babu mai shiga. Na jera kwalabena a ciki na ɗaure murfinsu tamau. Abin da ban kawo a raina ba shi ne a nan boiler ɗin gidan yake, wato tukunyar da ke dumama mana ruwa, ga shi kuma tsakiyar zafin bazara ne, irin wanda Turawa ke tuɓe riga su kwanta a ciyawa.

Ranar Laraba maigidana yana sa takalmi a gindin matakala, sai ya tsaya ya karkata kunne.

Ya ce, "Hajiya, ba ki jin wani sauti? Kamar abu yana tsss."

Na ce, "Boiler ne. Tun yaushe nake cewa a kira mai gyara."

Ya ce, "Kuma akwai wani ƙamshi kamar na ƙullin burodi."

Na ce, "Strawberry ne yake tsumuwa. Haka ake so."

Ya kalle ni, ya kalli kabad ɗin, ya ɗauki jakarsa ya fita. Mutum ne mai son zaman lafiya.

Ranar Asabar da sassafe na sayo sababbin strawberry na yanka mafici tire uku, kuma wallahi sun yi kyau, a nan kam ban saɓa wa malama ba. Muka loda kwalabe a mota. Har kauɗar nan na jefa a jaka, ba don komai ba sai don kada Rifkatu ta tambaya. Ita tana da aikin safe a Aldwych, ta ce za ta biyo tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta same mu a hall ɗin bikin. Zobo ma na kai babbar kula ɗaya, saboda Rabi ta roƙe ni in yi wa tsofaffi, amma na tura shi kicin don kada ya ɓata min tsari.

Teburina ya fi na kowa kyau. Farin ƙyalle, kofuna a jere suna ƙyalli, ƙanƙara, na'ana'a, kwalabe jajaye a tsakiya. Na lura strawberry ɗin cikin kwalaben sun taso sama sun ɗan yi fari, da wasu ƙananan kumfa suna hawa. Na ce a raina, ka ga abin manya, har da kumfa. Na kafa doka cewa kada wanda ya taɓa komai sai an buɗe da kofin farko. (Wannan dokar ita kaɗai ce abin kirkin da na yi a ranar, kuma ba don hankali na kafa ta ba, don son a gan ni ne.)

Bayan an ci abinci mai gabatarwa ya kira ni. Rabi ce ta shirya haka, wai in haɗa kofin farko a gaban jama'a in miƙa wa uwar ango. Sunanta Hajiya Yalwa, dattijuwa mai cikar kamala, takanas ta taso daga Gusau, wannan ne zuwanta London na farko. Tana zaune a teburin gaba cikin farin leshi da farin mayafi, fari tas har yana ɗaukar ido. Aka turo min ɗan tebur gabanta, aka miƙo min makirfo.

Da na yi shiru na zuba, da abin ya zo da sauƙi. Amma makirfo ya shiga hannuna. Na yi sallama, na yi wa ango da amarya addu'a, sannan na ce, "Jama'a, kun san ni, kun san halina. Yau babu mai buƙatar karanta kwali. Wannan da hannuna na haɗa shi, a gidana. Ko ɗigon abin da Allah ya haramta babu a ciki. Ku sha da kwanciyar hankali." Aka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa.

Na maƙale makirfo a hammata, na ɗauki doguwar kwalbar. Na tuna yadda Rifkatu ke girgiza abin haɗinta, na ce bari ni ma in nuna gwaninta. Na girgiza sama, na girgiza ƙasa. Daidai nan na hango ta ta shigo daga ƙofa da jakarta a kafaɗa. Ta tsaya cak, sai ta fara ɗaga hannu biyu tana kaɗawa da ƙarfi. Na ɗauka jinjina take min. Na ɗaga mata kwalbar, na ƙara girgizawa sau biyu don ta ga ɗalibarta. Sannan na sa yatsa na ɓalle murfin.

Ƙarar da ta tashi, wasu sun ɗauka tayar mota ce ta fashe a waje. Jan ruwa ya yi tsiri sama kamar an fasa famfo, ya daki silin, ya dawo. Na yi ƙoƙarin toshe bakin kwalbar da tafin hannu, sai ya fantsama gefe-gefe, kuma gefen da ya fi samu shi ne na Hajiya Yalwa. Daga ɗankwali har cinya. Farin leshin nan ya koma kamar an yanka rago a kansa. Wani guntun strawberry ya sauka a kan tabaranta ya zauna.

Hall ya yi tsit. Mai kiɗa ma ya kashe kiɗansa. Sai warin ya fara yawo, wani irin tsami mai hawa kai, wanda babu mai cewa na lemo ne. Na kalli Rabi, ta dafe ƙirji da hannu biyu. Na kalli Hanifa a kan kujerar amare, ta rufe baki, idanunta sun firfito.

Hajiya Yalwa ta cire tabarau a hankali, ta ɗauke guntun, ta shinshina gefen mayafinta. Sannan ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "'Yar nan, marigayi maigidana ɗan sanda ne. A bariki na yi rabin rayuwata, bayan katangarmu masu dafa burukutu ne. Wannan warin na san shi."

Makirfo na hammatata, kuma a kunne yake. Babu wanda bai ji ba, har masu wanke-wanke a kicin.

Rifkatu ta iso da gudu. Ta ɗauki kwalba ɗaya mai faɗin baki, ta juya baya ga mutane ta sassauta murfin kaɗan, ya yi tsss. Ta shinshina ta runtse ido.

Ta ce, "Maƙwabciya, a ina kika ajiye su?"

Na ce, "A ƙarƙashin bene."

"Wurin boiler?"

Na gyaɗa kai.

"Kwana nawa?"

"Shida."

"Sukarin fa? Kin tafasa?"

Na ce na rage sukarin, ban kuma tafasa ba.

Ta ce, "Kai! Mu a wurin aiki sai da lasisi muke sayar da irin wannan."

Wannan ma makirfo ya ɗauka. Wani dattijo a baya ne ya fara, wata irin dariya da ya daɗe yana dannewa ta ƙwace masa. Daga nan hall ya ɗauka gaba ɗaya. Matar da na hana yanka cake a sunan ɗanta, na gan ta da idona, ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina tsaye, jan ruwa na ɗiga daga gwaggwarona, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage.

Ba ta tsage ba, don haka na gudu kicin. A can na tsaya gaban famfo ina wanke kofunan da ba su yi datti ba, hawaye na zuba. Abin da ya fi damuna ba dariyar ba ce. Rabi ta amince da ni a ranar da ta fi kowace rana muhimmanci a wurinta, ni kuma na yi wa surukarta wanka da giya a gaban dangin miji.

Rifkatu ba ta tsaya lallashina ba. Ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta tattara kwalaben nan duka ta tuttular a magudana ɗaya bayan ɗaya, tana kawar da fuska. Ta buɗe kular zobo ta ɗanɗana, ta ce, "Ga abu a nan kika tafi neman wahala." Ta aika aka sayo ruwan soda da lemon tsami a shagon kusa. Zobo a ƙasa, ƙanƙara, soda, ganyen na'ana'a, mafici a bakin kofi. Ta binciko jakata ta fito da kauɗar da na raina, ta ɗora yanka ɗaya a saman kowane kofi yana yawo. Ta ce, "Share fuskarki ki zo ki yanka lemo." Na zama 'yar aikinta, kuma ban taɓa jin daɗin karɓar umarni kamar ranar ba. Kafin rabin awa tire ya fara fita, ya dawo babu ko kofi ɗaya. Hanifa da kanta ta aiko a ƙara wa teburinsu.

Can sai Rabi ta leƙo ta ce Hajiya na kirana. Na ce, "Ƙawata, ki yafe ni." Ta harare ni, sai kuma bakinta ya fara rawa, ta juya da sauri don kada ta yi dariya a gabana.

Na sami Hajiya Yalwa a ɗan ɗakin da amarya ke canza kaya, an ba ta aron atamfa da mayafi. Na durƙusa har ƙasa. Na fara jero ban haƙuri, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Wani ya sha?"

Na ce, "A'a, Hajiya, ko mutum ɗaya."

Ta ce, "To alhamdulillahi, tufa ce kawai ta sha. Tashi, 'yar nan. Tun da na zo garin nan kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai, sai yau na yi dariya." Ta ɗaga kofin da ke hannunta, ta tsamo yankan busasshen strawberry da yatsa ta tauna. "Wannan abin mai zaƙi, ke kika yi shi?"

Na buɗe baki, na tuna inda son a yaba min ya kai ni, na ce, "Maƙwabciyata ce ta yi, Hajiya."

Ta ce, "To ki ce ta koya miki da kyau. Ina son kwalba guda in tafi da ita Gusau."

A mota muna komawa gida maigidana ne ke tuƙi, har muka kusa layinmu. Sai da ya tsaya a danja ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Mai gyaran boiler ɗin, in kira shi ko in bari?" Na ce ya tuƙa motarsa.

Leshin na karɓo na kawo gida. Na jiƙa, na wanke, na sake jiƙawa, na kai wa masu wankin zamani, jan nan ya ce yana nan daram. Haka na mayar mata da shi ina sunkuyar da kai, tare da kwalba biyu na busasshen strawberry da na yi da hannuna, Rifkatu na tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Bayan wata biyu sai ga hoto ta hannun Rabi. Hajiya Yalwa ce zaune a tsakar gidanta, ta kai leshin wurin marina an rine shi ja gaba ɗaya, tana murmushi. Ta ce a gaya min ya fi kyau a haka, kuma kwalaben sun ƙare.

Kamfanin da matan Barking ke tambayata kuwa, na giya suke nufi. Yanzu na iya abin sosai, har ana kirana suna da walima, ni da Rifkatu idan ba ta da aiki. Abin da na koya kuwa ba mai zurfi ba ne, amma da tsada na saye shi: duk abin da za ki buɗe a gaban jama'a, ki fara buɗe shi ke kaɗai a kicin. Idan kuma aka miƙo miki makirfo, ki yi sallama, ki yi addu'a, ki mayar wa mai shi.